Yadda za ki gwada sabon girki ba tare da gida ya kwana da yunwa ba

Duk matar da ke riƙe da waya yanzu ta san wannan abun, kina zaune kina duba TikTok ko Instagram sai ga wata ta juye shinkafa a faranti dogaye-dogaye kowace ƙwaya a warware, ga kaza ta yi ja a sama, bidiyon gaba ɗaya bai kai minti ɗaya ba, sai ki ji a ranki ai wannan gobe-goben nan zan yi. Toh ki yi ɗin, amma fa abin da aka nuna miki a minti ɗaya wataƙila awa biyu ya ci, kuma a kan gas ɗinta ta yi da kofinta da irin shinkafarta, ba ta san maigidanki ba, ba ta san Hajiya ba, ba ta san yaranki da in ba su ga mai da yaji ba gani suke ba a ci abinci ba. Aikinki shi ne ki juyo da girkin nan ya dawo daidai da awonki da wutarki da bakin mutanen gidanki, kuma wannan ba ya yiwuwa a tukunya ɗaya.

Ki fara da zaɓen rana. Ranar da dangin miji za su zo ba ranar gwaji ba ce, haka ranar suna ko Sallah ko ranar farko ta azumi da kowa ya zuba ido yana jiran buɗa-baki, ba a fafe gora ranar tafiya. In samosa da sifirin rol kike son ki riƙa yi da azumi to tun Sha'aban ake koyon naɗin, lokacin da in ta fashe a cikin mai ba wanda ya wuni da ƙishirwa yana jiranta. In gidan da kike akwai abokiyar zama, ki yi gwajinki a ranar da ba ke ke da girki ba, ke da yaranki a ɗaki, don kin san dai yadda labarin tukunyar da ta caɓe ke yawo a tsakar gida har ya kai unguwa. Kuma abincin rana ya fi na dare daɗin gwaji, saboda in ya ƙi akwai sauran lokacin da za a ɗora taliya ko a kaɗa kuka. Ni dai ba na shiga sabon girki sai na san akwai wata miya a gefe da aka saba da ita.

Sai yawan da za ki yi. Dan Allah kar ki auno mudu guda na shinkafa da kaji biyu a kan abin da ba ki taɓa yi ba, yadda kayan abinci suka yi tsadar nan. Gwangwani biyu ya isa, rabin kaza ya isa, in kek ne ki raba komai biyu. Ƙaramar tukunya tana nuna miki kusan duk abin da babba za ta nuna, kuma in an yi asara ba mai zafi ba ce.

Kafin ki kunna wuta ki kalli girkin a hannun mutum biyu ko uku daban-daban, in da hali har da 'yan asalin ƙasar da abincin ya fito ko da ba kya jin yarensu, hannu za ki kalla ai. Abin da dukansu suka yi iri ɗaya shi ne ƙashin bayan girkin, shi ba a taɓa shi, abin da wannan ta sa waccan ba ta sa ba kuma ra'ayi ne, za ki iya bari. Daga nan ki ɗauki biro ki rubuta a takarda da Hausarki, kaza da kaza, wannan kafin wannan, ki manna a bango ko jikin kabet. Waya a kicin wahala ce, hannu duk mai da fulawa kina ta danna baya-baya, ga data na tafiya ga caji na ƙarewa NEPA kuma ba su da alƙawari, kafin ki gano inda kika tsaya albasa ta ƙone. Ki jera komai a gabanki a yanke a daka a auna, don sabon girki ba ya jira ki aiki yaro shago.

Yanzu awo, nan ne yawanci ake faɗuwa. In sun ce kofi ɗaya, kofin awo suke nufi mai cin wajen mililita 240, babban cokali 15, ƙarami 5, kenan ƙarami uku shi ne babba ɗaya. Gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi bai kai kofin nan ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, kofin shayin gidanki kuma wani ya fi wani. A miya da dafa-duka wannan ba wani abu ba ne, harshe ke gyarawa. Amma duk abin da ya shafi fulawa, kek ne, donot ne, burodi ne, mit fayi ne, awo ne ke yin aikin, in kin auna fulawa da gwangwani kika kuma fasa ƙwai yadda suka ce kika zuba bekin foda yadda suka ce to kin riga kin ɓata lissafin tun kafin a kai wuta. Saitin kofuna da cokulan awo na roba ba su da wani tsada a wajen masu kayan kek, ki saya ki huta, in kuma kuɗi ya samu ki haɗa da ɗan ƙaramin sikeli don da yawa da giram suke bayani. Fulawa kuma ba a danna ta a kofi, zubawa ake a shafe saman da bayan wuƙa.

Bekin foda daban bekin soda daban, kar mai shago ya ce miki duk ɗaya ne. Soda ta fi ƙarfi sosai kuma sai da abu mai tsami a kwaɓin take aiki, irin nono ko lemon tsami, in kin zuba ta a madadin foda kek ɗin sai ya yi wani ɗanɗano kamar sabulu. Yis kuma rai gare shi, ruwan zafi kashe shi yake, ɗumi-ɗumi ake so wanda za ki iya barin yatsa a ciki. In kina shakkar yis ɗin ya tsufa ki jiƙa kaɗan da sukari a ruwan ɗumi, in bayan minti goma bai yi kumfa ba ki zubar ki sayo wani. Sannan kar ki bi agogonsu wajen tashin kwaɓi, abin da zai tashi cikin rabin awa a zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, da sanyin hunturu sai ya ninka haka ko fiye, ki rufe ki sa a rana ko kusa da murhu ki jira ya ninka girmansa, ido ne alƙali.

Kayan haɗi kuma ba dole sai kin je babban kanti kin ƙarar da kuɗin cefane ba. Inda suka ce yogot marar sukari kindirmo mai kyau ya yi, har ya fi wani lokacin, musamman wajen jiƙa kaza. Lemon tsaminmu ƙanana ya fi babban nan ruwan ɗorawa na Turawa kaifi, ki rage. In sun zuba garin jan barkono cokali biyu ki lura, sau da yawa irin marar zafin nan ne na ba da kala, garin busasshen tattasai ne makwafinsa, in kika zuba dakakken barkononmu cokali biyu ba mai iya ci. Soya sos gishiri ne da shi sosai, duk girkin da ya shiga ki janye hannu daga gishiri da magi sai kin ɗanɗana. In kin ci karo da girkin da ake zuba giya a ciki, romon nama da ɗan matsin lemon tsami ya maye gurbinta, na naman alade kuma ki sa naman sa ko na rago mai ɗan kitse, sai dai ki ƙara masa lokacin dahuwa. Kayan ƙamshi irin kirfa da kanumfari da masoro da kadamon ki saya kaɗan-kaɗan a wajen masu kayan yaji, a Kano Kurmi da Sabon Gari ba abin da babu, kayan gwari kuma 'Yankaba, ki sayi na gwaji ɗaya tukun, don kwalbar da kika saya da tsada kika yi amfani da rabin cokali haka za ta zauna a kabet har ƙamshin ya gudu. Abin da ba ya musanyuwa shi ne irin shinkafa. Shinkafar tuwo ba za ta taɓa warwarewa ta yi miki abin da basmati ke yi ba.

Wuta ma sai kin fassara ta. Mai gas tana murɗawa wuta ta ragu nan take, ke mai gawayi sai kin kwashe garwashi ko kin barbaɗa toka, mai itace sai ta janye itacen ta bar rushi, shi ya sa in sun ce a rage wuta ki shirya tun kafin lokacin ya zo. Tukunya mai siririn gindi ita ke ƙona sabon girki, ki nemi mai kauri. In ba ki da oben kek na gasuwa lafiya lau a babbar tukunya, ki zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsa biyu, ki rufe ki bar shi ya ɗau zafi minti goma zuwa sha biyar, ki ɗora gwangwanin kek ɗin a kan wani ɗan murfi ko duwatsu ƙanana don kar ya zauna kai tsaye a kan yashin, ki rufe, in gawayi ne ki sa 'yan garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya yi ja. Kar ki buɗe kafin minti ashirin da biyar, leƙe-leƙe ne ke sa tsakiya ta faɗa. Ki soka tsinke a tsakiya in ya fito a bushe ya yi. Masu oben kuma in kin ga an rubuta 350 na Amurkawa ne, a namu wajen 180 kenan.

Bari in ɗauki shinkafar Larabawan nan, kabsa, mu bi ta tare, don ita ce mata suka fi sha'awa tunda 'yan Hajji da Umara suka ci a Saudiyya suka dawo suna ba da labari. Basmati gwangwani biyu, ki wanke ta a hankali har ruwan ya daina fari, ki jiƙa rabin awa ki tsane a rariya. Ki yanka albasa manya biyu siri-siri ki soya a mai har ta yi ruwan zuma, nan ne ɗanɗanon yake kar ki yi gaggawa, kar kuma ki bari ta yi baƙi don ɗaci za ta yi. Ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, sai kirfa sanda ɗaya, kanumfari uku ko huɗu kawai don in ya yi yawa shi kaɗai za a ji, kadamon kamar biyar, masoro, sai rabin kazar ki juya ta ta kama ƙamshin, sai markaɗaɗɗen tumatir biyu ko uku ki soya har mai ya taso sama. In kin samu busasshen lemon tsamin nan baƙi ki huda shi da wuƙa ki jefa guda, kar ki farfasa shi, 'ya'yan ɗaci gare su. Ki zuba ruwa ki bar kaza ta dahu, in ta gida ce kin san sai kin ba ta lokaci, ta gidan gona kuma kar ki bari ta dagargaje. Ki tsame ta ki gasa ko ki soya sama-sama.

Ga inda ake yin ta ko a ɓata ta. Romon nan ki juye shi ki auna da gwangwanin da kika auna shinkafar, gwangwani biyu na jiƙaƙƙiyar basmati romo gwangwani uku yake so, in ya yi yawa ki rage ki ajiye na miya, in bai kai ba ki cika da ruwan zafi. Mun saba da shinkafar da ake tsuga wa ruwa a tace, ita wannan ba a tace ta, in kin cika mata ruwa tuwo za ki samu. Ki ɗanɗana romon, ya kamata gishirin ya ɗan fito fiye da yadda kike so don shinkafa za ta shanye. In ya tafasa ki zuba shinkafar da gurzajjen karas, juyi ɗaya tak, ki bar ta a buɗe har ruwan ya ja ki ga ƙananan ramuka a samanta, sai ki rufe bakin tukunyar da takardar foyil ko tsumma mai tsabta ki ɗora murfi, ban da leda dan Allah, ki mai da wuta can ƙasa minti sha biyar, ki sauke ki bar ta a rufe wasu minti goma. Da cokali mai yatsu ake warware ta, muciya ba ta da aiki a nan. In kina son ƙamshin hayaƙin nan na gidan abinci, ki sa ɗan ƙaramin kwano a tsakiyar shinkafar da cokalin mai a ciki, ki jefa garwashi ɗaya ja ki rufe da sauri minti biyar.

Amma fa in kika kai ta haka gaya ba miya, za ki ji ana cewa ina miyar. Su kansu Larabawan suna haɗawa da ɗan sos na tumatir da barkono da tafarnuwa, ke sai ki yi naki da attarugu yadda gidanki ke so, ki ajiye yaji a gefe, shikenan kin haɗa bakin kowa.

Sabon girki kuma ba sai na Larabawa ko Indiya ba. Yarinyar da ta tashi a Zariya sinasir da burabisko irin na Barno baƙi ne a wajenta, haka faten acca na mutanen Jos, haka dambun zogale yadda ake yin sa a Nijar, haka shinkafa da waken Gana da ake dafawa da karan dafi ta yi ja. Har alkubus da funkaso da yawanmu saya muke ba mu iya ba. Irin waɗannan gara ki je wajen tsohuwar da ta iya ki zauna, amma kar ki tambaye ta nawa ake sawa, za ta ce miki zubawa ake har ya yi, kuma gaskiyarta kenan don hannunta ne ma'auninta. Ki tafi da gwangwaninki da cokalinki, in ta ɗebo ki ce Inna tsaya in auna, ki sa hannu ki taɓa ƙullun ki ji kaurinsa, ki ɗaga ludayi ki ga yadda yake zuba, wannan ba bidiyon da zai ba ki shi.

Wajen kai wa mutanen gida, ki zuba kaɗan a gefen abin da suka sani. Yara in an tilasta musu sun ƙi kenan har abada, amma in kin sa su ɓare tafarnuwa ko murza kwaɓi da kansu za su zo suna neman nasu. Tsofaffi ki tuna da masu hawan jini da ciwon suga kafin ki cika gishiri da bota da sukari, in kuma Hajiya ta ce ita dai a ba ta tuwonta kar ki ji haushi, ba da ke take ba. Maigida kuwa kar ki tsaya a kansa kina ya ya ka ji, zai ce ba laifi ko da ya ji daɗi ko bai ji ba, kwanon za ki duba in ya dawo, ki ga me aka cinye me aka ture gefe. In kina son gaskiya tsirara ki aika wa ƙanwarki ko wata aminiya da ba ta jin kunyarki.

In an samu matsala yawanci akwai gyara. Gishiri ya yi yawa a miya, ki ƙara markaɗe ko romo marar gishiri, dankalin da ake cewa a jefa ba wani abin kirki yake ragewa ba. Shinkafa ta fara kamu kin ji ƙauri, ki juye ta wata tukunya nan da nan kar ki kankare gindin. Ta yi ruwa, ki baza a faranti ta sha iska. Tumatir ya yi tsami, bai soyu ba ne, ki ƙara masa lokaci ko ki sa 'yar kanwa ƙanƙanuwa. Amma kazar da kika yanka kika ga jini a jikin ƙashi ta koma wuta ba zancen a ci haka, kuma duk abin da aka haɗa da mayonis ko ƙwai ko shinkafar da ta rage, in ba wuta a firji da zafin nan kar ya kwana.

Daren nan kafin ki manta ki koma takardarki ki rubuta abin da ya faru, ruwa ya yi yawa, kanumfari ya fito da yawa, yara sun ce ba yaji. Karo na gaba abu ɗaya za ki canza, in kin rage ruwa kin canza shinkafa kin ƙara wuta duk lokaci guda, ko ya yi kyau ba za ki san wanne ne ya gyara ba. Kar ki bar shi ya daɗe, ki sake cikin sati ɗaya ko biyu tun hannunki na tunawa.

Sai ya fito miki daidai sau biyu a jere sannan ki yi tunanin yin na taro. A nan ma ki kula, in kin ninka shinkafa sau huɗu ba a ninka komai sau huɗu, gishiri da attarugu da kayan ƙamshi ki fara da kamar ninki uku ki ɗanɗana ki ƙara, ruwa ma ki ɗan rage don babbar tukunya ba ta ƙafewa da sauri kamar ƙarama, kuma in basmati ce ta wuce mudu gara ki raba ta tukunya biyu, don ta ƙasa nauyin ta sama ke danne ta ta dame.